Bangon Da Magini Ya Fasa

Tun safe ta haddace maganarta, don haka da maginin da za ta aura ya shigo ɗakin asibitin, ko zama ba ta bari ya yi ba.

"Likita ya gama gwaji," ta ce, idonta a kan robar ƙarin ruwa. "Gyambo ne a babban hanjina. Ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa da magani. In ya tashi, wuni nake a banɗaki, har da jini. Ka nemi mai lafiya, ban riƙe ka ba."

Goggonta mai jinyarta ta juya baya, wai ita barci take.

Sai yanzu ta lura da ƙurar siminti a gashinsa. Mutumin da ba ya zuwa wurinta sai ya sha wanka da turare!

"Goggo ta gaya min tun jiya," ya ce. "Shi ya sa na makara. Kin tuna gidan da na gina mana, a ƙarshen tsakar gida na sa banɗaki? Yau na fasa bangon ɗakinmu, na fitar da wani dab da gado."

"Bangon da ka gama shafewa?"

"Shi fa. Ki sha maganinki, ki tashi ki zaɓi tayil."

"Fari ya fi," in ji Goggo daga cikin barcinta.

Ta share idonta da bayan hannu, ta dube shi sosai.

"Shuɗi nake so."