Takalmin Ɗan Fari

Ana gobe za su kama hanyar Kano a ƙasa, uban ya ajiye wa 'ya'yansa maza biyu takalma a bakin zaure. Na ƙanen sabo fil, yana ƙamshin jima. Na wan kuwa ya sha laka, maɗaurinsa har ya saki.

Zuciyar wan ta yi baƙi ƙirin. Kullum haka ne, auta ya ci tsoka, shi a bar masa ƙashi.

"Baba, ni kwance ne rabona?"

Tsohon dai bai taɓa sakin fuska ga ɗan fari ba. Ya jawo buta, ya zauna alwalar la'asar.

Uwar ce ta amsa daga bayan danga, kamar da iska take magana: "Rana ɗaya baduku ya ɗinka su. Wancan ne aka yi ta zagaya tabki da shi, don kada sabuwar fata ta fama wa mai shi tabonsa na kurkunu a hanya."

Wan ya dubi ƙafar tsohon. Dunduniyar duk ta saɓule, ruwa na sauka a kanta, tsohon yana cije leɓe.