Ɗan Haya a Dandalin Gwaji

Wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini, gara in faɗa tun farko. Na san an yi wa Baba Sanyi rasuwa a shekarar, don na je gaisuwa har na mance hulata a gidansa. Amma wanda ya rasu, na daɗe ina lalube a kaina ban samu ba. Tsufa ke nan.

A lokacin kamfanoni da yawa sun haɗa manyan injinan kwamfutarsu a dandali guda, abin nan da ake kira girgije, domin masu bincikensu su riƙa gwaji a kai. Tunda kuwa kamfanonin abokan gasa ne, aka ɓoye sunan kowa. Kana ganin aiki yana gudana a allo, ba ka san mai shi ba. Doka ɗaya ce ba a taɓawa: ba a kashe aikin mutum muddin yana sabunta shi duk mako da ɗan makullinsa, wani abu kamar ɗan yatsa da ake cusawa a jikin kwamfuta. Ni ina cikin kwamitin da ya rubuta dokar. Ko kuwa shayi kawai na sha a zaman, oho.

Baba Sanyi shi ne babban injiniyan wani ƙaramin sashe. Sunan ma yaransa ne suka laƙaba masa, don ba a taɓa jin muryarsa ta tashi ba. Bayan rasuwar ya koma aiki, yana riga kowa zuwa. Sai ya ajiye tarin makullansa a gefen kwamfuta, baƙin na kamfaninsu da wani ja da ya ce tsoho ne, ya haɗa shayi, ya bar shi ya huce. Abinci ba ya yi masa daɗi, ba ya yi masa ɗaci. In an yi dariya sai ya duba fuskokin mutane ya ga ko ta ƙare.

Matsalar sashen ita ce wani aiki da ya mamaye injinan da suka fi ƙarfi a dandalin, ya ƙi ƙarewa. Aka aika wa mai shi saƙo ta hannun kwamiti, shiru. Amma duk farkon mako sai a tarar an sabunta shi. Gajere, mataimakin Baba Sanyi, ya raɗa masa suna Ɗan Haya, wai ba ya gaisuwa, ba ya shara, ba ya tashi.

Manaja ta kira su ofishinta, ta ce ba ɓoye-ɓoye: in gwajinsu bai kammala kafin zaman shugabanni ba, za a rufe sashen. Matasan za a raba su wasu sassa, amma mai furfura ba inda za a kai shi sai gida. Gwajin kuwa ba zai yiwu ba sai da injinan da Ɗan Haya ya danne.

Gajere ya yi ta faɗa har hularsa na karkacewa. Ya ce wannan mugunta ce ta abokan gasa, a kai ƙara. Baba Sanyi ya ce to. Aka rubuta ƙarar, ya sa hannu bai karanta ba. Kwamiti ya zauna, ya amsa da cewa doka doka ce, mai aiki yana sabuntawa.

Daga nan sai aka lura Baba Sanyi yakan juya kujerarsa ya fuskanci babban allon bango, inda layin Ɗan Haya ke ƙyaftawa kore. Yakan daɗe a haka, hannu a haɓa.

“Baba, ka bar kallon abin nan, zai sa maka hawan jini,” in ji Gajere. “Da zan ga mai shi, wallahi sai na ja kunnensa.”

“Yana tafiya dai,” in ji Baba Sanyi. “Bai tsaya ba.”

A gida ma haka. Matarsa ta ce masa, “Malam, fitilar ɗakin can fa, rana tsaka tana ci.” Ya ce a bar ta tukuna. Ta ja ƙofar ɗakin a hankali.

Zaman shugabanni ya zo ya wuce, aka rufe sashen. Ran sallama Gajere ya kasa haɗa ido da shi, yana ta tsine wa Ɗan Haya ƙasa-ƙasa. Baba Sanyi ya zare baƙin makullin ya miƙa wa Manaja, ya zuba kofinsa da tabaransa a kwali. A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwayi allon bango. Kore. Ya jefa sauran makullan a aljihu ya fita, bai ji komai ba, ko nauyin kwalin.

Bayan shekaru na haɗu da matar da ke kula da dandalin, wadda ita kaɗai ke ganin sunayen gaskiya. Muna layin likitan ido, ta tsufa, na tsufa. Na tambaye ta ko wane ne mai Ɗan Haya har sau biyu, don na san halin kaina, ta kuma ba ni amsa iri ɗaya. Ɗan Haya gwajin wata matashiyar injiniya ne a ɗaya daga cikin kamfanonin, ta kunna shi da safen ranar da ta rasu, jan makullinta kuwa mahaifinta, Baba Sanyi, bai taɓa mayarwa ba.