Mai Gyaran Hanyar Ƙanƙara

Ka ce yau-yau ɗin nan za ka je ka zaunar da ƙannenka biyu, tun zagin da suka yi wa juna jiya bai huce ba. Zauna tukuna, Malam Isiyaku, in ba ka wani misali. Da idona na gan shi, a wata ƙasa can arewacin duniya, shekarun da aka tura mu koyon aikin hanya.

A wannan ƙasa dusar ƙanƙara kan rufe ko'ina har wata biyar. Mutanen wurin sukan ɗaura wasu katakai dogaye sirara a ƙafa, su riƙe sanda biyu, su yi ta zamiya cikin daji daga wannan ƙauye zuwa wancan. Amma hanyar da suke bi sai an gyara ta. A ƙauyen da muka sauka akwai wani mutum da ya shekara ashirin da 'yan kai yana wannan aiki. Yana da wani inji mai tafiya a kan ƙanƙara, yana jan wani ƙarfe mai haƙora a baya, kamar garmar shanu. Haƙoran su farfasa, faifan ƙarfe ya bi ya daddale, sannan a bar layi biyu a jere kamar sawun amalanke, inda katakan za su bi. Mutumin ya san aikinsa. Kafin ya tayar da injin sai ya damƙi ƙanƙarar ya matse. In ta dunƙule ba ta ɗiga ba, ya fita. In ruwa ya biyo tsakanin yatsunsa, ya koma ya jira.

Wata shekara, saura kwana uku a yi tseren da garuruwan yankin ke taruwa dominsa, sai iska mai ɗumi ta taso a tsakiyar sanyi, har da yayyafi. Ƙanƙarar ta saki, ta koma kamar kunu mai kauri. Ga baƙi sun cika masaukai, masu abinci sun gama cefane. Da safe mutumin ya fita ya matse ƙanƙarar, ruwa ya zubo. Ya dawo bakin rumfar injinsa ya zauna yana shafa wa ƙarafa mai. Duk wanda ya zo wucewa sai ya dube shi, ya dubi hanya. Da hantsi shugaban masu shirya tseren ya zo ya tsaya a kansa.

"Jama'a na tambaya ko ba ka da lafiya ne," in ji shi. Ya juya ya tafi.

Mutumin ya san sanyi zai dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Ya kuma san cewa tsakanin narkewa da daskarewa akwai 'yan sa'o'i da ƙanƙara ke karɓar gyara, kuma lokacin bai yi ba. Abin da ya kasa jurewa shi ne a riƙa ganinsa a zaune. Da rana tsaka ya tayar da injin.

Injin ya lume, ya bar kwari biyu a bayansa, kowanne ya kai rabin ƙwauri. Haƙoran suka tono ƙasa da tsakuwa da saiwoyi suka cakuɗa da ƙanƙarar. Da ya waiga ya ga ɓarnar sai ya juyo don ya shafe ta, ya ƙara mata zurfi. Wani wurin sau huɗu ya bi. Mutane a bakin hanya suna ɗaga masa hannu, suna cewa to, yanzu aiki ya kankama. Ya yi wajen mil shida a haka, sai injin ya kafe a bakin wani rafi, sai da aka kawo tarakta aka janyo shi. Hanyar da ke hayin rafin bai samu ya taɓa ta ba.

Washegari da yamma iska ta juya. Kafin gari ya sake wayewa, duk abin da ya kwaɓa ya daskare yadda ya bar shi, kowane rami da kowane tudu, ya yi tauri kamar siminti. Ya sa haƙoran injin a kai, uku suka karye. Wata ma'aikaciyar jinya da ke bin hanyar kullum zuwa duba tsofaffi a ƙauyen gaba ta afka ɗaya daga cikin ramukan, ta samu karaya a ƙugu, kuma sai da bazara ta soma takawa da sanda. Hayin rafin kuwa, da ba a taɓa ba, a shimfiɗe ya daskare. Mutumin ya zagaya ta titin mota ya shiga, ya wuce sau biyu da sauran haƙoran, wuri ya yi sumul. Can aka mayar da tseren, aka rage shi da rabi, garuruwa biyu suka kwashe mutanensu suka tafi. Shi kuwa kwana goma sha ɗaya ya yi da diga a hannu yana fasa abin da ya yi cikin rabin yini, kuma cikin waɗanda suka ɗaga masa hannu ba wanda ya zo ya taya shi.

Ka ji abin da magabata ke nufi da suka ce sauri ya haifi nawa. Ka bar ƙannenka su huce tukuna.