Surutun Travis

Tun ranar da Ambrose Pardy ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar rumfarsa ta bayan gida, matarsa Effie ba ta sa wa cikinta komai ba sai ruwan shayi. Likita bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce jijiya ce ta fashe a ka, in akwai wanda ya kamata ya zo, a kira shi yau.

Akwai kuwa. Ɗansu tilo, Travis, yana can lardin Alberta, a ɗaya gefen ƙasar, wurin haƙar mai, kamar rabin samarin wannan gaɓar teku ta tsibirin Newfoundland. Sai dai 'ya'yan mutane kan dawo hutu da tsaraba, shi kuwa an yi shekaru ba a ga ƙeyarsa ba. Ranar da ya ce ba zai gaji kwalekwalen kamun kifin ubansa ba, Effie ce da kanta ta nuna masa ƙofa, ta ce in ya fita kada ya sake ya kira. Yaro ya ɗauko zuciyar uwarsa. Bai kira ba.

Abin da ya riƙe ta duk shekarun nan shi ne shafinsa na intanet. Travis bai iya gaida iyaye ba, amma ya iya surutu. Kullum da safe Ambrose kan fito daga rumfa, ya zuba shayi, ya karanta mata abin da ɗansu ya rubuta, don idonta ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Yau shugaban aikinsu ne da bai taɓa ɗaga guduma ba amma yana koya wa mutane riƙe ta. Gobe na'urorin zamani ne da za su kori mutum daga aiki su bar shi da yunwarsa. Jibi mutanen gwamnati ne na Ottawa, babban birnin ƙasa, masu yanka wa masunta yawan kifin da za su kama alhali ba su san kan kifi da wutsiyarsa ba. 'Yan gari su taso masa, shi ma ya rama.

Effie ba ruwanta da Ottawa. Abin da ta sani, wanda ya tashi da ƙarfin zagin gwamnati ya kwana lafiya. Takan taɓe baki ta ce, "Ka ga ɗanka ya fara hankali, har ya soma magana irin taka." Ambrose ya yi murmushi ya kurɓi shayinsa. Sau ɗaya ta taɓa cewa a rubuta masa gaisuwa, ya hana.

"Bar shi, Effie. Tsuntsu ne a kan reshe, kina miƙa hannu zai tashi."

Ta bari, don ita ma ba ta shirya sunkuyar da kai ba.

Yanzu ga Ambrose kwance da bututu a hanci, ga maƙwabciyarta Bride Hickey zaune gefe tana latsa waya. Shafin yana nan, amma Travis ya yi shiru. Rubutunsa na ƙarshe kan tsadar man jirgin ruwa ne, da safiyar da ubansa ya faɗi. A ƙasa 'yan gari sai tsokana suke yi. Wani ya ce ko Ottawa ta saye bakinsa ne, wani ya ce na'urar ce ta cinye shi.

Effie ta shiga tunani. Mutumin da bai taɓa fashin surutu ba, me zai rufe masa baki? Ko duka biyun za a ɗauke mata a mako guda?

Ta sa Bride ta kira tsohuwar lambarsa, aka ce ba ta aiki. Suka kira kamfanin da ya fara shiga, wata yarinya mai zaƙin murya ta ce ba sa ba da labarin ma'aikata. Suka kira ɗan ƙanen Bride da ke can, ya yi ta 'yan kame-kame, daga baya ya ce rabonsa da Travis tun sanyin farko da suka je.

"Alberta da faɗi," in ji Effie. Ita kanta ta ji muryarta ba daidai ba.

Da la'asar numfashin Ambrose ya sauya. Malamar asibiti ta leƙo, ta duba, ta fita. Effie ta san irin wannan numfashin, ta wanke gawa ba ɗaya ba.

"Bride, rubuta masa a shafin nan."

"Shekara nawa ina ce miki ki yi haka, taurin kai kamar ƙusa. Me zan ce?"

"Ki ce ubanka na mutuwa, ka zo."

"Shi ke nan?"

Effie ta dubi hannun mijinta, duk ya yi kanta saboda igiya da gishiri.

"Ki ce uwarka ta ce ta janye maganarta. Ki ce tana roƙonka."

Bride ta aika. Ba amsa. Ta ce ai ana iya kira ta shafin ma, bari ta gwada. Effie ta karɓe wayar ta manna a kunne da hannu biyu, tana jin ta shiga, tana addu'ar ya ɗauka ko da zaginta zai yi.

Sai wani abu ya fara ruri a ƙarƙashin gado, cikin jakar ledar da aka zuba kayan da Ambrose ya zo da su. Bride ta janyo jakar, ta laluba aljihun rigar aikinsa, ta zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Effie ta gane ta. Ita ce wadda Travis ya bari a gida ranar da ya tafi. Ashe duk surutun nan Ambrose ne ke rubuta shi a rumfa. Ga shafin a buɗe, ga roƙonta a kai, babu wanda zai karanta mata amsa.