Bashin Mai Amalanke

Da malamin ya yaye zanen da ke kan gawar a ɗakin koyon tiyata, ɗalibin ya gane hannun tun bai kalli fuska ba: babban yatsa guntule, tafin duk ya yi kanta. Tsohon nan ne mai tura amalanken goro a kasuwar Adjamé ta birnin Abidjan, wanda ya ranta masa kuɗin karatun likita daga abin da yake tarawa na komawa Sakkwato.

Rabi ya tafi makaranta, rabi kuwa hayar ɗaki a unguwar Treichville da abincin yara suka cinye. Tun daga nan ya daina bi ta kasuwa. In tsohon ya yi sallama, sai ya laɓe bayan labule.

"Baban yara, ka fito mana," matarsa ta taɓa roƙonsa. "Wallahi ba kuɗinsa ya biyo ba. Tari ke cinsa, so yake likitansa ya duba shi."

Bai fito ba.

"Ba wanda ya zo neman gawar," in ji malamin da Faransanci, yana miƙo masa wuƙa. "Fara da ƙirji."

Ya karɓa. Tsohon na kwance, ba wanka, ba sallah. Yau dai likitansa zai duba shi.