Aikin Da Ba Dole Ba

Keken ɗinki na tsaka da gudu saƙon Malama ya shigo. Maman Auta ta ɗage ƙafa, ta kara waya a kunne, ta saurara har sau uku. Na ukun ma bai canja zani ba.

Malama ta ce aikin ƙarin da ake turowa da sunan Auta ya tayar mata da hankali. Yarinyar da ta fi kowa rubutu a aji huɗu ta koma juya haruffa, layi ya hau tudu ya gangaro kwari, takarda duk tabon mai. In ba ta gyaru ba nan da mako biyu, aji uku za a mayar da ita ranar da aka buɗe makaranta.

Tun da annoba ta rufe makarantu, karatu ya tare cikin waya ɗaya tilo da gidan ya mallaka. Da safe tana hannun Auta, ta saurari darasi, ta latsa amsoshi, ba biro ba takarda. Da rana uban ya wuce da ita shagonsa na gyaran keke saboda masu kiran aiki. Duk Litinin kuma Malama kan zubo wasu ayyuka da ta ce ba dole ba ne: a zana taswirar gida, a auna inuwa, a rubuta wasiƙa. Wanda ya ga dama ya yi a takarda, ya ɗauki hoto ya tura.

Maman Auta ba ta karanta boko. A wurinta aiki aiki ne.

“Ke Auta, me ya sami rubutunki?”

“Rubutuna? Lafiyarsa ƙalau, Umma. Wane aikin ma ake...”

“Rufe min baki! Malamar ce za ta yi miki ƙarya?”

Da uban ya shigo ɗaukar waya, ta kunna masa saƙon. Mutumin da duk layi ke kira Farfesa ke nan. A aji uku ya ajiye jaka, amma in ka ji daga bakinsa, malamai ne suka taru suka roƙe shi ya tafi don yana kunyata su gaban yara. Yana ji ya tashi tsaye kamar an ɗana masa wuta.

“Juya haruffa? Malamar ce dai idonta ya juye! Ki bar ni da ita, za ta ga rubutu.”

Ranar ko abinci bai taɓa ba. Maman Auta ta dube shi ta ce a ranta, uba ke nan.

Ta hana wasa. Ta hana leƙa taga. Ta kafa kujera gefen keken ɗinki, kullum shafi biyu kafin a sha ruwa. Auta ta rubuta ta miƙo, ita kuma ta riƙe littafin ta ƙura masa ido, ta karkata shi hagu, ta karkata shi dama. Tururuwa ce dai a jere. Da mai kyau da maras kyau duk kamarsu ɗaya. Macen da ke gane karkataccen ɗinki daga bakin ƙofa, yau ga ta da aikin 'yarta a hannu ta rasa inda za ta farke.

Ta kai wa Farfesa. Ya buɗe, ya yi saurin rufewa, ya ce ba laifi, a bar masa ya tafi da shi shago ya duba a tsanake.

Ta kai yarinya a duba mata ido. Likita ya ce ido garau. Ta hana ta cin komai kusa da takarda, ta wanke mata hannu da sabulu kafin ta taɓa biro. Saƙo na biyu ya zo: akwai ɗan motsi, amma har yanzu da sauran tafiya, tabon mai kuma yana nan.

Auta ta daina gardama. Ta rame, ta koma rubutu tana share hawaye da gefen hannu. Uwar kuwa ta ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana koyo.

Ranar ƙarshe Malama ta kira ta bidiyo. Aka jingina waya da gwangwanin maɓallai. Farfesa bai tafi shago ba, ya rakuɓe bakin ƙofa yana murza hula. Malama ta yi shifta layi biyar, Auta ta sunkuya ta rubuta, ta ɗago takarda gaban waya.

Malama ta ƙura wa takardar ido. Maman Auta ta riƙe gefen tebur.

“Maman Auta, ki faɗa min gaskiya,” in ji Malama. “Wa ke kusa da ita? Wa ya miƙo mata wannan takardar?”

“Wallahi Malama babu kowa, a gabana ta...”

“Hannun da ya rubuto min wasiƙar ranar Talata ba zai iya wannan ba. Wasiƙar da ɗan aji biyu zai ji kunyar nunawa. Huɗu bisa goma na ba ta, shi ma don tausayi. Ba ni da yadda zan yi, sai dai...”

Farfesa ya taho da sauri, ya ture gwangwanin maɓallai, ya cusa fuskarsa cikin waya.

“Huɗu? Malama, ki ji tsoron Allah! Wuni biyu cur na yi a kan wasiƙar nan, ko faci ɗaya ban yi ba!”