Rubutu a Tankin Babur

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na zo hutu Anka. Wata la'asar a shagonsa, Baba ya fesa fenti ja da ruwan ɗorawa a tankin babur har suka narke cikin juna. Da fentin ya sha iska, ya miƙo mini buroshi.

"Rubuta muna 'Allah ya kiyaye' da ajami."

Na zuba duk gwanintata, don ya ga amfanin karatun da nake yi a Gummi, inda zan koma washegari. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fesa man sheƙi a kai.

"Hannun ga na shago na, ɗana. Ba ka komawa."

Wari ya shaƙe ni, ga ƙofa a rufe har aiki ya bushe. Allah ya jiƙan Baba. Har yau a shagon nake.